Mayafin Hajja da Likitan Waya

Assalamu alaikum Hajja Yelwa, uwargidata. Ya jiki, ya mutanen Ƙofar Ran? Lafiyata ƙalau a Kwatano, sai dai garin kwaki nake sha, ina tuna ƙamshin masarki a tanda.

Ƙanwata Juwairiyya ta ce tunda ƙwarewa wajen haɗiya ta hana ki ci, likita ke duba ki ta bidiyo. Wai ya ce ki kurɓi kunu ya ga maƙogwaronki, kika ja mayafi har hanci, ba kya ci a gaban baƙo. Har kin rame.

Haba tsohuwa! Ni da na zuba miki barkono a koko, na ga tarinki, ban sake ki ba. Buɗe masa wuyan, na yafe kishi. Allah ya ba ki lafiya, in dawo in tarar da mai zagina.

Jikanki,
Mansir