Binne ne, ba ruwa ba

Yaya Sani,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya Anti Hadiza da yara? Mu nan garin Isa lafiya lau.

Manhajar da nike rubuta wa manoma ta fara hankali. Na koya mata cewa inda aka shuka gero, ruwa ya sauka. Da ta ji an shuka a Tsamaye nan kusa da mu, sai ta ce ruwa ya sauka, Baffa ya fito da irinshi ya shuka. Na gaya mata binne ne aka yi cikin busasshiyar ƙasa. Nan take ta janye zancen ruwan kaɗai, sauran saninta bai taɓu ba. Irin Baffa na nan cikin rumbu.

Gaida kowa, a sa mu cikin addu'a. Ruwan gaske muke jira, ni da ita.

Ƙanwarka,
Rabi