Kwalbatin Hanyar Ɗanbatta

Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Ramlat da yara.

Ruwan Alhamis ya ƙarasa cinye kwalbatin hanyar Ɗanbatta, wanda ka ce da bakinka za ka sa a gyara in muka zaɓe ka kansila. Shekara biyu ke nan. Jiya naƙuda ta kama Ikilima matar Basiru, mota ta kasa haurowa, a kan ƙyauren ɗaki maza huɗu suka tsallakar da ita. Allah Ya sa ta sauka lafiya.

Mutanen gari sun rubuta takarda, suna kiranka taro ranar Asabar a filin makaranta, ka zo ka yi bayani. Kada ka ji a bakin wani: ni na fara dangwala yatsa.

Mahaifiyarka,
Aina'u

Inna,

Bayan gaisuwa da neman albarka. Takardarki ta iso. 'Yan adawa ne fa suka shirya taron nan don su tozarta ni. Inna, har da ke? Sau uku ina kai maganar kwalbatin gaban shugaban ƙaramar hukuma, ana cewa in jira. Ki gafarce ni, ba zan zo a yi mini ihu ba.

Ɗanki,
Zaharaddini

Zaharaddini,

Na gaishe ka. Rafi bai san jam'iyya ba. Basiru shi ya tsaya maka a rumfar zaɓe, kuma matarsa aka ɗora a ƙyaure. Sau ukun da ka je, kai kaɗai ka je. Wa ka gaya wa? Ihu kam za a yi, ni ma da nawa. Ka zo ka sha, in an gama ka tambaye mu abin da za mu iya.

Allah Ya yi maka albarka.
Aina'u

Inna,

Barka da hutawa. Na dawo Kano lafiya, amma har yanzu kunnena na ƙara da ihun Asabar. Malam Sama'ilu direba, da ya ce mini maƙaryaci a gaban jama'a, shi ya bugo ɗazu ya ce babbar motarsa tamu ce ranar Litinin, zai kai mu wurin shugaban ƙaramar hukuma kan maganar kwalbatin. Shugaba ya yarda zai gan mu. Da na ce masa mu sittin ne, sai ya ce a ƙaro kujeru.

Ki shirya da wuri. Mata sun ce ke za ki fara magana.

A gaida mai jego.

Ɗanki,
Zaharaddini