Na'urar da Ta Ƙi Yin Shiru a Gindin Dutse

Bin Mahmud, Doha

Zuwa ga Yaya Ajaratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Mu ma lafiya lau, Hafiza har ta fara rarrafe. Sai dai akwai maganar da bakina ya kasa faɗa miki a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kin san watan jiya Baban Hafiza ya ɗauki hutu, shi da abokin aikinsa Badaruddeen suka tafi ƙasar Jojiya yawo cikin duwatsu masu dusar ƙanƙara, tare da wasu mutum biyu. Sai da ya kwana goma da dawowa kafin ya ba ni labari. Ya ce kafin su kama hanya, jagoransu, wani dattijo ɗan ƙauyen, ya haƙa rami ya nuna musu ƙanƙarar hawa-hawa take. Ta sama ta daskare kamar ƙanzo, ta ƙasa kuwa wara-wara kamar sikari, ba ta riƙe komai. Ga shi an kwana biyu ana zuba sabuwa, iska ta tara ta gefe guda. Dattijon ya ce su bi gindin dutse kawai, kada kowa ya taka gangara. Ya kuma rataya wa kowannensu wata 'yar na'ura mai kuka, wadda da ita ake gano mutum idan ƙanƙara ta binne shi: tasa tana aiko da alama, ta masu nema tana kuka.

Da hantsi suna tafiya, sai suka ji ƙasa ta yi wani gum a ƙarƙashinsu, kamar an yar da buhun hatsi. Kafin su ankara gangaren ya zaftaro, ya rufe Badaruddeen. Minti tara suka yi suna tono. Suka fito da shi leɓɓansa sun yi shuɗi, amma da ransa, alhamdulillahi.

Yaya, daga nan ne abin ya wuce sanina. An kashe na'urar Badaruddeen, amma ta hannun Baban Hafiza ba ta daina kuka ba, tana nuna akwai wani a binne, taku huɗu daga ramin. Suka ƙirga kansu, su biyar ne cif kamar yadda suka fito. Suka tona har ramin ya kai musu ƙirji, babu kowa. Dattijon ya ɗaga kai ya dubi sauran ƙanƙarar da ke reto a samansu, ya ce su sauka yanzu. A ƙauye aka bincika, ba wanda ya ɓata, ba kuma wanda ya bi hanyar a makon. Batirin na'ura kuwa ba ya kaiwa daga bara zuwa bana, balle a ce wani ne ƙanƙara ta binne tun bara.

Badaruddeen ya ce khalas, wato shi ke nan, shi da dutse har abada. Amma naku, Baban Hafiza, da ya dawo daga aiki sai ya zauna da waya yana karanta rahoton ƙanƙarar wurin, abinci na hucewa a gabansa. Shekaranjiya na ga tikitin komawa, ranar ashirin ga wata, alhali rahoton da kansa ya ce haɗarin ya ƙaru. Da na tambaye shi, ya ce ya baro mutum a can. Sannan ya gaya mini abin da ya ɓoye wa dattijon. Na'urar tana nuna nisa da lamba. Lokacin da suka daina tono, yana tsaye bai motsa ba, ya ga lambar ta sauko daga mita biyu zuwa ɗaya da rabi, sannan ɗaya. Shi da hannunsa ya kashe ta.

Don Allah ki je wajen Yaya Mumin da kanki ki karanta masa wannan, maganarsa kaɗai Baban Hafiza yake ji. Ya kira shi kafin ashirin ga wata. Kada Inna ta sani tukuna.

Ki gaida Inna da Kawu Dogara, da Fatsuma da Safara'u. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Bilkisu