Tsatsa a Jini

Litinin, 3 ga Maris

Tiyata biyar yau. Ciwon kan nan ya dawo tun kafin azahar. Shekara goma sha ɗaya ina sa mutane barci a ɗakin tiyata, sai yanzu wata likita mai bincike ta tuna da mu, ta zo ta ɗebi jininmu duka. Mun sa mata suna Sauro.

Alhamis, 6 ga Maris

Sauro ta kama ni ina shinshina takunkumin iskar barci kafin in ɗora wa mara lafiya. Ta ce, "Sista, kullum haka kike yi?" Na ce haka Baba Oga ya koya mana kafin ya yi ritaya: kada ka yarda da agogon na'ura, hancinka ne zai gaya maka ko iska na fitowa. Ba ta yi dariya ba. Ta dai rubuta wani abu a takardarta.

Cikina ya kai sati tara. Ban gaya wa kowa ba, har Maigida. Biyun baya daidai nan suka zube, kuma ba zan iya sake kallon fuskarsa a haka ba.

Talata, 11 ga Maris

Sauro ta tara mu a ɗakin shayi. Wai jiki kullum yana fitar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyinsa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, yana kuma da masu share su. Idan masu cin suka rinjayi masu sharar, ɓarna ta fara. Wai iskar da muke bayarwa tana iya ƙara tsatsar, shi kuwa farin maganin barcin nan na jijiya mai kama da madara kamar ma ragewa yake yi. Mara lafiya awa biyu zai shaƙa ya tafi gida. Mu fa?

Na ce, "Likita, to ai sai a riƙa shafa mana mai kamar keke." Kowa ya yi dariya.

Laraba, 12 ga Maris

Dogo mai gyara ya leƙa bayan na'ura. Bututun da ke fitar da ragowar iska waje a toshe yake da tsumma. Wani ya cusa saboda ɓera, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Kujerata tana gefensa.

Asabar, 15 ga Maris

Na ga ɗan jini da safe. Kaɗan ne. Na ce wa Maigida gajiya ce ta kwantar da ni.

Laraba, 19 ga Maris

Sakamakon gwajin jini ya fito, tsatsata ta fi ta kowa. Na bi Sauro har bakin mota na tambaye ta, wai a madadin wata ƙawata, ko wannan abin yana zubar da ciki. Ta ce ba za ta rantse ba, abubuwa da yawa ne ke jawo ɓari. "Amma ki ce wa ƙawar taki ta bar ɗakin nan. Yau, ba gobe ba."

In bar ɗakin in koma ina? Awon hawan jini? Ni da babban likita ba ya sa wuƙa sai ya ga na ɗaga kai. Haushi ya ishe ni. Tsoro ma.

Lahadi, 23 ga Maris

Na je gaida Baba Oga da la'asar. Ya rame. Sau uku yana tambayata, "'Yata, ke wace ce?" Matarsa ta ce tsufa ne, kuma wataƙila tsufan ne. Da za a fita da shi salla ta miƙa masa hularsa. Ya kai ta hanci, ya shinshina, sannan ya sa.

Ban iya shan ruwan da ta kawo mini ba.

Talata, 25 ga Maris

Jinin ya tsaya, alhamdulillahi. Yau na ɗaga takunkumi zan kai hanci, hannuna ya tsaya a hanya. Na duba agogon na'ura. Ashe yana aiki.

Na miƙa takardar neman canjin wuri. Na rubuta ciwon baya ne, na wata bakwai kawai. Ba don maganar Sauro ba ne. Da na gaya wa Maigida ya tambaye ni me ya sa bakwai, na ce ya zauna tukuna, in kawo masa ruwa.