'Yar Kura, Fara, Doguwa

Zuwa ga Yaya Sunusi, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya, kai da iyali, ya kuma sa albarka a nemanka. Mu nan Kura sai godiya. An saki ruwan kanal, gonarmu ta wajen Bunkure ta sha, dashe ya kama. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har barka take zuwa da kanta. Na zaɓi rubutu maimakon kiran waya ne don na san dariya za ta hana ni kai ƙarshe, alhali maganar ba ta dariya ba ce: ƙanwarmu Latifa tana gida wajen Umma. Mijinta Baballe ya ce ta tafi sai ya neme ta.

Ka san Baballe, mutumin da in ya tsinci sabuwar kalma a teburin mai shayi da safe, kafin azahar ya zama malaminta. To, ya jiyo labarin tallar intanet, irin wadda ba a cajinka don an nuna ta, sai wani ya danna. Abin ba shi da aibi, masu injin casa da yawa suna yi. Za ka zaɓi kalmomin da mai neman kayanka zai rubuta, ka zaɓi garuruwan da za a nuna tallar, ka yanka iyakar abin da za a ci maka a yini. Baballe ya ce wannan tsantsenin na matsorata ne, ya buɗe tallar shinkafar gidansa ga Najeriya kaf, ya haɗa da Nijar. Shinkafar kuwa ta Latifa ce, ita ke turarawa, ita ke shanyawa. Shi nasa aikin karya hula da zama a kan buhu. Tunda bai san farashi ba, sai ya sa lambarta.

A kasuwarmu, ka sani, ba mai ɓata bakinsa ya ce shinkafa, 'yar Kura kawai ake cewa. Gogan naka ya ɗauka duniya duka a bakin injin casa aka haife ta. Abin da ya rubuta, ba hoto ba komai, shi ne 'yar Kura ta asali, fara, doguwa, mai tsabta, ana kaiwa har gida. Yaya, ka karanta shi da idon tuzurun da ke zaune a Gusau.

Waya ta fara ruri. Wani ya tambayi Latifa ko budurwa ce ko bazawara, ita kuma, a zatonta barkwancin ciniki ne, ta ce masa sabuwa ce dal, ta bana. Ya tambayi asali, ta ce a Bunkure ta tashi, ba ta da tsakuwa. Wani dattijo daga Maraɗi ya ce shi ba ya son ja-in-ja, magabata zai turo. Duk wanda ya danna kuma, Baballe ne ke biya. Wato da guminsa ya yi wa matar aurensa shelar zawarci har ƙetare. Ran da ya fizgi wayar ya amsa, mai kiran ya gaishe shi da ladabi ya tambaya ko shi ne waliyyi. Maimakon ya koma ya duba abin da hannunsa ya rubuta, sai ya hau faɗa a tsakar gida, maƙwabta na ji, wai ina ta san mazan Zamfara. Laifi tudu ne dai. Yanzu in ta wuce bakin inji, mata sai su yi shiru su bi ta da ido, kuma ka san shirun matan Kura ya fi shela nisa.

Da kuka ya ƙare, ita da kanta ta ce in zo mu duba tallar. Muka sa kalmar shinkafa a gaba, muka taƙaita ta ga Kano da Zariya, muka hana a nuna wa duk mai neman aure ko bazawara, muka yanka iyaka. Yanzu masu gidan abinci ne ke kira, har wata hajiya daga Dawakin Kudu ta zama ta kullum. A tsakar gidan Umma take turara kayanta. Can gidan Baballe kuwa tukunya ta huce, tabarmar shanya kaji ke kwana a kai. Shi ya sa ya fara aiken biko, yana cewa sharrin intanet ne, sai ka ce intanet ce ta san doguwa da fara.

Ga abin da nake roƙo. Ya san kai ne babba, ya san kuma zuciyarka ba ta jure magiya, don haka kai zai kira. Don Allah kada ka yanke magana a waya ka ce Latifa ta koma. Latifa ba saki take nema ba, sunanta take so a wanke. A bainar jama'a ya ɓata shi, to ya zo ƙofar gida gaban Kawu Uba da maƙwabtan da suka ji faɗan, ya karanta tallar nan da bakinsa, ya faɗi wanda ya rubuta. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Ta ce min duk abin da ka yanke shi za ta bi, ko da a yau ne, kuma wannan biyayyar tata ce ke ba ni tsoro. In ta koma shiru, shi za a manta da wautarsa, ita kuwa 'ya'yanta za a riƙa yi wa gori.

Ka gaida Anti Aziza, da Nafisat, da Muzammil. Umma tana sa maka albarka, Kawu Uba yana gaisuwa, ya kuma ce tabarmarsa a shirye take, maganarka kawai yake jira.

Ƙaninka,
Maharazu