Wayata a Hannun Yaya Zara

Daren Laraba, unguwar Ambassatna

Ni da na tsufa ina koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, yau aka ƙwace mini waya kamar ɗaliba.

Kwanan nan na fara wasan nan mai biyan kuɗin intanet na kirifto. Sharaɗinsa a shiga kullum, in ka tsallake rana, abin da ka tara ya zube. A zaman makokin surukata na ɓoye wayar cikin lafaya ina dannawa. Ana tsakiyar addu'a ta saki kiɗa.

Yaya Zara, yayar mijina, ta miƙo hannu. "Kawo, Madam. Sai bayan sadakar uku."

Da wasan na so in riƙa sayen maganina ba tare da roƙon ƙaninta ba. Gobe kuma ni zan dafa mata shayi.