Ruwan Ƙanzon da Na Ba Ka, Jamilu

Zuwa ga ɗan'uwana kuma taubashina, Jamilu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, a duk inda ka shige ka ɓuya.

Ni ne Tasi'u. Ka toshe lambata, kuma yau kwana goma sha uku rabon Gwaggo, mahaifiyarka, da ganinka, sai saƙo ɗaya da ka turo mata cewa kana raye, kada a neme ka. Shi ya sa na fito da maganar a shafina na intanet inda kowa zai gani. Na san Hausa a rubuce tana ba ka wahala, sai ka bi ta da yatsa kamar ɗan koyo. Ni kuma Turancina bai wuce na yanka nama da miƙa canji ba. Ka daure ka karanta a hankali.

Ka tuna ranar da ka fara kai ni filin jami'arku, wata biyu da saukata ƙasar Turawan nan daga Zariya? Na ga ƙarti da hular kwano suna ture juna kamar shanu a bakin rijiya, ana rububin ƙwallo mai kama da gwanda. Na tambaye ka kai mene ne naka a ciki. Ka ce kai ba ka kokawa. Jira kake a gefe, in an kira ka sai ka shiga, wani ya durƙusa ya riƙe maka ƙwallon, ka buga ta wuce tsakanin sanduna biyu masu ruwan ɗorawa, ka koma ka zauna. Na yi dariya har da hawaye. Na ce wannan aikin malalata ne, ya dace da bawana. Ka toshe min baki da hannu, ka ce a ƙasar nan ba a faɗin wannan kalmar ko da wasa, ko da kuwa babana ne yayan uwarka. Ban daina ba, na dai koma faɗa a kunnenka.

Gwaggo ce ta fara kawo zancen rubutu. Ta ce ga malami Allah ya kawo har gida, ina amfanin allon da aka yi shekaru ana ɗauka in ba za a rubuta wa ɗan'uwa abin sha kafin wasa ba. Ban iya ce mata a izu goma sha biyu na gudu daga makaranta ba, kuma ko tawada ban zo da ita ba. Na shiga kicin, na ga tukunyar shinkafar da ta kama mata tana jiƙe. Na tace ruwan ƙanzon da rariya, na zuba a gora, na miƙa maka da hannu biyu ina haɗe fuska. Ka yi bisimilla ka shanye, ka ce ɗanɗanon daidai yake da wanda kake sha kana yaro a Tudun Wada.

Wallahi niyyata in gaya maka da yamma mu yi dariya. Sai ga shi a ranar kai ka buga ƙwallon da ta ba ku nasara, ana saura daƙiƙa biyu a tashi. Ka fito da gumi ka ratsa jama'a ka ɗaga ni sama. Ta yaya zan buɗe baki a nan? Mako ya zagayo, ka miƙo gorar. Daga baya ni da kaina nake rage wa Gwaggo ruwan shinkafa ranar Juma'a don ta kama. Kakar wasa biyu muka yi a haka.

Sai ranar sunan nan na Fort Washington. Muna zaune da manya ana cin tuwo, Alhajin nan na gidan rediyo ya ce in taimaka wa ɗansa da irin rubutun Jamilu, jarrabawa ta matso. Ka san ni da dariya, in ta taso ba ta komawa. Na ajiye loma na ba su labarin tun daga tukunya har rariya, har ina kwaikwayon yadda kake lumshe ido in kana sha. Falon ya ɗauka. Kai ma ka yi murmushi, ka ture kwanonka gefe, ka ce, "Shekara biyu, Tasi'u?" Iyakar abin da ka ce ke nan. Ban lura wani yaro yana ɗauka da waya ba.

Kafin Asabar hoton bidiyon ya isa ɗakin canza kayanku, wani ya fassara wa abokan wasanka. Na ji an ce ka buɗe akwatin kayanka ka tarar da buhun shinkafa. A wasan ƙarshe na kaka sau uku aka kira ka, sau uku ƙwallon ta kauce. Da ta ukun ta shiga, da kun yi nasara. Ina zaune a sama na ga ka tsaya kai kaɗai hannu a ƙugu, mutane na ta ihu a kanka. Daga filin nan ba ka dawo gida ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa na rubuto. Kocinku ya kira Gwaggo shekaranjiya, ta sa wayar a fili, maƙwabciyarmu Anti Rifkatu ta ƙara min bayanin abin da ban kama ba. Duk da faɗuwar nan an ba ku wasan ƙarshen shekara da kuke kira bol, ko da yake ƙarami ne, ba wanda kuka sa rai ba. Mutumin ya ce ya rufa maka asiri iya ƙarfinsa. In ba ka bayyana a atisayen safiyar Litinin ba, zai cire sunanka daga masu tafiya, kuma ba zai iya riƙe maka gurbin baɗi ba. Ka fi ni sanin cewa da gurbin nan ake biya maka kuɗin karatu. Shekara ɗaya ta rage maka, Jamilu.

Kullum kafin in tafi shago ina hawa bas daga unguwarmu ta Greenbelt in je in tsaya a bakin shingen filin atisayenku. Ba na gane dabarunsu, amma ido yana gane gidan da ke watsewa. Dogon nan naku mai jefa ƙwallo ya ce ba zai buga bol ba, yana tsoron rauni kafin manyan ƙungiyoyi su zaɓe shi. Ƙartin gaba guda uku sun sa sunansu cikin masu neman canza makaranta. Wanda yake koya muku bugu ma an ce wata jami'a ta ɗauke shi, wasan nan kawai zai tsaya ya gani. Yara sababbi ne ake ta jerawa, kocin yana busa usur yana dafe kai. Masu zuwa kallo irina ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk zancensu ɗaya ne, wai baɗi sai dai a sake gini daga tushe.

Wanda suka sa a gurbinka wani siririn yaro ne ɗan shekarar farko. Jiya na ga ya buga ƙwallo ta tafi wajen motocin ma'aikata. Da a da ne, da na samu abin ba ka dariya na mako guda.

Jan yaron nan mai riƙe maka ƙwallo, wanda na sa wa suna Barkono, ya gane ni. Ya zo bakin shinge da hularsa a hannu, ya yi magana mai tsawo. Sunanka kawai na kama, da kalmar "ina". Na buɗe hannuwa. Ya ɗan tsaya, ya buga shingen da tafin hannu a hankali, ya koma. Ba shi da hannu a zancen buhun nan, fuskarsa ta nuna.

Gwaggo ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ranar da hoton ya iso wayarta ta kalla har ƙarshe, ta kife wayar, ta ce, "Tasi'u, me ɗana ya yi maka?" Har yau tana zuba min abinci, tana ajiye naka a rufe, ta tafi aikin asibiti da idanu a kumbure.

Na shirya in ce maka ƙafarka ce ta yi ta buga ƙwallayen nan, da ikon Allah, ba ruwan tukunya ba. Ni ne shaida, ni nake tsinto maka su a filin bayan gidajenmu cikin ƙanƙara, kana bugawa har yatsunka su daina ji. Amma na san ka san wannan. Na daɗe ina juya abin kafin in gane ba ƙanzon ne ya kashe maka ƙafa ba. A duk garin nan, mutum ɗaya ka ɗauka yana bayanka ba don ka ci ko ka faɗi ba, sai ka ga ashe shi ma kallo yake yana dariya.

Akwai abin da ban faɗa a falon nan ba, don ba ya ba da dariya. Duk lokacin da aka kira ka ka fara taku baya, ni ba na kallo. Rufe ido nake in karanta duk abin da ya rage a kaina, har sai na ji ihun mutane ya gaya min yadda aka yi. Wannan babu ƙarya a cikinsa. Ban sani ba ko za ka yarda, mutumin da ya yi shekara biyu yana yi maka ƙarya ba shi da bakin rantsuwa.

Ba na ce ka yafe min ba. Na auna, na ga in ni ne kai, abin da zai hana ni dawowa shi ne in buɗe ƙofa in tarar da wannan fuskar a kan kujera. To na ɗaure kayana. Wani abokin aikina a shagon nama ya ba ni gefen ɗakinsa a Beltsville, gobe Asabar bayan azahar zan bar gidan, makullin yana hannun Gwaggo. Na gaya mata, ba ta ce in tafi ba, ba ta ce in zauna ba. Bakin shingen ma na daina zuwa daga yau. In ka shiga fili ranar Litinin ba za ka hango ni ba, ranar wasan ma haka.

Zuciyata tana gaya min ba za ka zo ba. Na san taurin kanka, jininmu ɗaya. Amma ƙarfe bakwai na safe suke farawa, kuma takalmanka na bugu suna ƙarƙashin gadonka, na goge su.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya sanyaya maka zuciya, ya mayar da kai ga uwarka da karatunka. Allah kada ya kama ka da wautar wani. Ni kuma ya shirye ni, ya koya min riƙe bakina. Amin.

Ka huta lafiya.

Naka, ɗan kawunka,
Tasi'u